Kafin Ku Dangwala Yatsa a Takardar Tallafin Sauyin Yanayi

Gwaggona ba ta kiran waya sai da dalili, don haka da na ga lambarta bayan sallar isha'i sai gabana ya faɗi, na ɗauka rasuwa aka yi. Muka gaisa, ta tambayi yara da uwarsu, sannan ta ce, "Ɗan nan, so nake ka turo mini dubu uku kafin Juma'a, za a rufe fom." Na ce, "Fom ɗin me, Gwaggo?" Ta ce na tallafin sauyin yanayi ne, Turawa suka aiko saboda ruwan da ya cinye gonaki, kowace mace da ke cikin ƙungiya za ta sami dubu ɗari biyar, amma sai ta biya kuɗin fom, ta ba da lambar BVN da hoton katin ɗan ƙasa. Na tambaye ta wanda ya kawo maganar. Ta ce wani yaro ne mai ladabi, da kati rataye a wuyansa, har zauren mai unguwa ya je ya faɗi ya yi gaisuwa. Mata sittin da ɗoriya sun riga sun biya, ita kaɗai ake jira a layinsu.

Ban tura ba, ta kuwa yi fushi da ni na kusan mako biyu. Juma'ar ta zo ta wuce, wata ta biyo bayanta. Yaro mai kati ya ce an ɗage rabon saboda ana tantance sunaye a Abuja, sannan ya dawo da sabon zance, wai kowa ta ƙara dubu ɗaya na buɗe asusu. Wasu suka ƙara. Yau lambarsa ba ta shiga.

Abin da ya hana ni barci shi ne littafin da yaron ya tafi da shi: sunayen mata sittin, lambobin wayarsu, lambobinsu na banki, hotunan katinsu, da dangwalen yatsan kowacce a gefen sunanta. Kuɗin fom ɗan lasawa ne kawai. Littafin nan shi ne hajar, kuma hajar tana da kasuwa. Da na ba da labarin a majalisarmu sai na tarar kusan kowa yana da irinsa, daga ƙauyensu ko daga unguwar surukansa, sunan tallafin kaɗai ke canzawa. An ci kasuwar korona, an ci ta cire tallafin mai, yanzu an gano cewa kalmar sauyin yanayi tana buɗe ƙofa, sai aka yafa ta kamar sabon mayafi. Shi ya sa nake wannan rubutu tun abin bai game gari ba, zuwa ga shugabannin ƙungiyoyin manoma da na mata da na matasa, da na masunta da makiyaya, da masu unguwannin da ake shiga gari ta zaurensu.

Ƙaryar tana karɓuwa ne domin ta jingina da gaskiya. Ɓarnar dai ba sai an ba kowa labari ba. Ambaliyar 2022 ta hallaka mutane fiye da 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, kuma Jigawa na cikin inda ta fi yin ta'adi. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri har fadar Shehu, da asibitin koyarwa, da kurkuku, da gidan namun daji. A ƙarshen watan Mayu na 2025 Mokwa ta wayi gari da makokin mutane fiye da 150. Can wajen Yusufari kuwa rairayi ne ke korar mutane, yana tafiya sannu a hankali yana binne gona da rijiya. Manomin gero a Daura ko Illela bai taɓa zuwa taron duniya ba, amma ya san damina ta daina cika alkawari: ta makara, ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ke fitar da kai, sannan a zubo na wata guda cikin kwana biyu. Wanda ke cikin wannan hali, in aka ce masa ga taimako ya miƙa hannu, ba za a kira shi wawa ba.

Kuɗin ma akwai shi, wannan shi ne abin da ya ƙara rikita lamarin. A watan Disamba na 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL, wanda ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja, da burin farfaɗo da hekta miliyan ɗaya ta ƙasar da ta lalace. Akwai hukumar Ganuwar Itatuwa da aka kafa da doka a 2015, mai aiki a jihohi 11 na bakin hamada. Akwai shirin ƙananan tallafi na asusun GEF, wanda hukumar UNDP ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke gudanarwa tun 1992, shi kam ƙungiyoyin al'umma yake ba kai tsaye. A taron Baku na 2024 an yi alkawarin dala biliyan 300 duk shekara ga ƙasashe masu tasowa nan da 2035. Rediyo ta faɗi irin waɗannan alƙaluma da Hausa, Gwaggo ta ji da kunnenta. Ranar da yaro mai kati ya ce mata kuɗin ya iso, bai faɗi abin da ya saɓa wa abin da ta riga ta ji ba.

Abin da ba a cika faɗa a rediyo ba shi ne nisan hanyar da ke tsakanin alkawari da ƙofar gida. Wata cibiyar bincike da ke Landan, IIED, ta yi lissafi a 2017 ta ga cewa abin da ake nufar matakin ƙauye da unguwa da shi daga manyan asusun sauyin yanayi na duniya bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Kuma rijiyar ma janyewa take yi. A watan Janairu na 2025 Donald Trump ya dakatar da taimakon da Amurka ke ba ƙasashen waje, ya sa hannu a kan janye ƙasarsa daga yarjejeniyar Paris, kafin shekarar ta yi nisa an nannaɗe tabarmar hukumar USAID. Masu ba da kuɗin na gaske suna raguwa, amma masu yawo da fom kullum ƙaruwa suke yi. Ruwa ba ya tsami banza.

Tallafin gaske yana da kamanni, kuma wanda ya san su ba a yi masa sakiyar da ba ruwa. Ba a sayar da fom ɗinsa. Bankin Duniya ba ya ba ɗaiɗaikun mutane kuɗi, da gwamnatoci yake hulɗa. Babban asusun sauyin yanayi na duniya, mai hedikwata a Koriya ta Kudu, ba ya aiko wakili ƙauye, kuɗinsa sai ya bi ta cibiyoyin da ya tantance, da amincewar gwamnatin ƙasa a rubuce. Inda kuma ake ba ƙungiya kai tsaye, aiki ake ba kuɗi: a fitar da sanarwa a fili, ƙungiya ta rubuta abin da za ta yi da abin da zai ci, kwamiti ya zauna ya duba, kuɗin ya shiga asusun da ke ɗauke da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum biyu ko uku, ya zo kashi-kashi, kuma ba a sakin kashi na biyu sai an ga rasit ɗin na farko. Abu ne mai ɗaukar watanni, mai gajiyarwa, babu "kafin Juma'a" a cikinsa. Agajin gaggawa da ake raba wa magidanta bayan ambaliya daban yake, amma shi ma ba a sayen layinsa. Duk wanda ya ce kawo ɗan kuɗi don a ba ka babba, ɗan kuɗin ya zo karɓa.

Kada a ɗauka 'yan ƙauye kaɗai ake yi wa haka. A farkon 2024 hukumar EFCC ta sanar da kama wani shugaban coci bisa zargin karɓar fiye da naira biliyan 1.3 daga hannun jama'a da ƙungiyoyi, da sunan wai gidauniyar Ford ta Amurka ta ware dala biliyan 20 za a raba. Gidauniyar ta ce ba ta san da zancen ba. Cikin waɗanda suka zuba kuɗi akwai masu digiri da masu ofis, akwai shugabannin ƙungiyoyin da suka bi gida-gida suna tara na mabiyansu suna kaiwa, da zuciya ɗaya. Wannan ne ya fi ba ni tsoro, domin ɗan damfara ba ya buƙatar ya san kowa a gari, ya ishe shi ya sami mutum ɗaya da aka yarda da shi.

Game da lambar BVN kuwa, a ji da kyau. Wanda ya haɗa lambarka da ranar haihuwarka da hoton katinka, sannan ya kira ka ya ce karanto masa 'yan lambobin da banki ya turo maka ta saƙon waya "don a tabbatar da sunanka", ya gama da kai. Zai iya kwashe abin da ke asusunka. Zai iya buɗe wani asusun da sunanka, ya ci bashi a manhajojin rance na waya, ko ya bi da kuɗin sata ta ciki. Ranar da masu bincike suka biyo sawu, ƙofar tsohuwar da ta dangwala yatsa za su ƙwanƙwasa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Amma yaro mai kati ƙaramin alhaki ne idan aka gwada shi da ƙungiyar jaka, domin ita doka ba ta cika kama ta ba. Ƙungiyar jaka tana da takardar rajista ta hukumar CAC, tana da hatimi, da takarda mai tambari, da Turanci mai santsi. Ofishinta kwamfutar mutum ɗaya ce, 'yan kwamitin amintattunta matarsa ce da ƙaninsa da abokinsa. Ita ba ta karɓar kuɗin fom, kuɗin gaske take nema kuma tana samu, da sunan ƙauyenku. Za ku gane ta da yadda take zuwa. Rana ɗaya ce tak. A kafa rumfa, a jera kujerun roba, a ɗaura kyalle mai rubutu, a raba riguna da huluna, a sauke 'ya'yan itatuwa a leda daga bayan mota. Hakimi ko wakilinsa ya dasa ɗaya ana ɗaukar hoto, a zagaya da takardar halarta kowa ya rubuta suna ya sa hannu, a ba shi lemo da shinkafa a roba da "kuɗin mota". Kafin la'asar an watse.

Sau da yawa kuma bikin sai ya faɗo a ƙarshen damina, saboda sai lokacin kuɗin ya fito. Duk wanda ya taɓa dasa ko da darbejiya ɗaya a ƙofar gida ya san abin da ke biyo baya. Ɗan itace yana son a sa shi ƙasa tun damina na da ƙarfi, a yi masa shinge da ƙaya, a riƙa ba shi ruwa tun daga hunturu har ƙarshen bazara, shekara biyu ko uku, kafin ya tsaya da ƙafarsa. Wa aka ɗora wa wannan? Babu. Da an sako dabbobi bayan kaka awaki sun yi walima, watan Janairu na zuwa ba abin da ya rage a filin sai allon da ke ɗauke da sunan aikin. A can kuwa rahoto ya tafi da hotuna masu kyau, an rubuta cewa an dasa itatuwa kaza, an wayar da kan mutane kaza.

Ba a nan ɓarnar ta tsaya ba. An rubuta sunan garinku cikin waɗanda suka amfana. Gobe idan ƙungiyarku ta gaskiya ta nemi a gyara mata kwazazzabon da ke cin maƙabarta, ko a haƙa mata rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana don noman rani, sai a duba takarda a ce ai an yi muku. Takardar halartar da kuka sa wa hannu saboda lemo ita ce shaidar. Zan faɗi abin da ba daɗi: wannan sana'a tamu ce, mu 'yan boko. Ni kaina na zauna a irin tarukan nan na otal, na'urar sanyaya ɗaki na busa mu har muna neman rigar sanyi, muna tattauna yadda zafi ke ƙona amfanin gonar mutanen da ko ɗaya daga cikinsu ba a gayyato ba. Na karɓi ambulan ɗin kuɗin mota kamar kowa. Cutar kuma daga sama ta gangaro. A 2018 kotu a Abuja ta ɗaure tsohon gwamnan Filato, Joshua Dariye, kan karkatar da fiye da naira biliyan 1.1 na asusun kula da muhalli da aka ba jiharsa, a 2022 aka yi masa afuwa. Yaran da ke koyon rubuta takardar neman tallafi a yau suna kallo.

Sai kuma wani hatsarin da ba ɗan damfara a cikinsa ko ɗaya, wato kuɗin gaske ya zo hannun ƙungiyar gaske ya wargaza ta. Mun gaji gayya da adashi tun kaka da kakanni. Mata ashirin suna zubi shekara goma ba a taɓa jin kansu ba, saboda kowacce ta san kuɗin gumin 'yar'uwarta ne. Ranar da aka ce ga kuɗin gwamnati ko na Turawa, sai lissafi ya canza. Kansila ya aiko da sunaye biyar a saka, ciyaman ya naɗa ɗansa ma'aji, waɗanda ba su taɓa zuwa taro ba su bayyana da sabuwar hula. Kalmar da ke kashe komai ita ce "rabonmu ne".

A nan ne ya kamata masu hulɗa da ACReSAL su buɗe kunne. A cikin shirin akwai asusun da ake ba al'umma domin ya riƙa juyawa: rukunin manoma na farko su ranta su yi noma ko kiwo ko sana'a, su mayar, sannan a ba rukuni na biyu. Rance ne mai zagayawa kamar adashi, ba kyauta ba ce. In na farko suka cinye suka goge baki, maƙwabcinsu da ke jiran ɗauka suka cuta, ba Bankin Duniya ba. Kuma dala miliyan 700 ɗin kanta bashi ce a wuyan Najeriya, 'ya'yanmu za su biya ko an ga itace ko ba a gani ba. Mun ga irin wannan a shirin rancen manoma na Babban Banki da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, inda aka fitar da fiye da naira tiriliyan ɗaya, mutane da yawa suka ɗauke shi ganima, aka koma ana farautar masu bashi. Mun ga masu rancen korona da suka rantse kyauta ce, sai ga shi bayan shekaru ana zare kuɗi daga duk asusun da ke haɗe da lambarsu. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Don haka tambayar farko, kafin a tambayi nawa ne, ita ce: kyauta ce ko rance, kuma a wane layi na takardar aka rubuta haka?

Maganar fili ta fi ta kuɗi hatsari, don kuɗi in ya ɓata ana iya mantawa. Aikin dashen itatuwa yana son fili, kuma filin da ya fi sauƙin bayarwa shi ne wanda ake ce wa "ba na kowa ba". Alhali babu irin wannan fili a ƙasar Hausa. Wanda ake nufi shi ne makiyaya, ko burtali, ko hanyar mashaya, ko dajin da mata ke samun itacen girki da ganyen miya. A zagaye shi da waya da sunan gyaran muhalli ba tare da an zauna da Arɗo da mutanensa ba, shanu su zo su tarar an toshe hanyar da suka saba bi shekara da shekaru, su ratsa ta gona. Ba sai na faɗa wa mutumin Zamfara ko Katsina inda irin wannan ke kaiwa ba. Shugaban ƙungiyar matasa ba shi da hurumin sa hannu ya ba da filin gari, dagaci ma shi kaɗai a ɗaki ba shi da shi.

Ga kuma wani sabon ciniki da ake kira kasuwar kabon, inda kamfanin da ke turnuƙe sama da hayaƙi a wata nahiya zai biya domin a bar itatuwa tsaye a wata ƙasa, a rubuta masa cewa ya rage laifinsa. Irin wannan yarjejeniya takan ɗaure fili shekara 30 ko fiye. A 2023 wani kamfanin Dubai, Blue Carbon, ya ƙulla yarjejeniyar fahimta da gwamnatin Laberiya a kan dazuzzukan da suka kai kusan kashi 10 cikin 100 na faɗin ƙasar, mutanen da ke rayuwa a ciki suka ce ba a tambaye su ba. In wani ya zo muku da takarda mai shafi da yawa da Turanci, ya ce za a riƙa biyan ku don kawai kun bar itatuwanku, ku tambaye shi wa zai mallaki ikon sara da kiwo da ɗiban itace a wurin, kuma har zuwa yaushe.

Masu cewa ba a iya komai sai da tallafi, su tsallaka Jibiya su shiga Maraɗi. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, bayan ya sha wahalar dasa itatuwan da ke mutuwa, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa duk shekara a gona ba ciyayi ba ne, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Aikin kawai shi ne a zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi a bari, a datse sauran, a kare su. Manoman can suka sa masa suna sassaben zamani. Darasin da ya fi dacewa da zancenmu yana cikin abin da ya biyo baya. Lokacin yunwar 1984 an haɗa aikin da rabon abinci, mutane suka bar itatuwa a gonakinsu don a ba su hatsi. Da aka daina rabo, mafi yawansu suka koma suka sare. Waɗanda suka rage su ne suka ga gero ya fi kyau a ƙarƙashin gawo, ga itacen girki a kusa, ga abincin dabba da rani, iska ta daina binne shuka. Daga gonakinsu maƙwabta suka kwaikwaya, ba fom ba riga ba rumfa, musamman da manomi ya sami tabbacin cewa icen da ya raina a gonarsa nasa ne, ma'aikacin gandun daji ba zai ci tararsa ba. Yau ana maganar kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar, galibi a yankunan Maraɗi da Damagaram. Ita kuwa Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, rahoton 2020 ya nuna abin da aka farfaɗo a cikin zirinta bai wuce hekta miliyan 4 ba daga miliyan 100 da aka yi buri.

Ba cewa nake a ƙi tallafi ba. Hayaƙin da ya rikita damina ba daga murhun Gwaggo ya fito ba, kuma duk kwabon da ya iso haƙƙi ne. Kwazazzabo ba ya gyaruwa da fartanya, famfon sola ba ya sayuwa da kuɗin adashi. Abin da na gani dai shi ne, ƙungiyar da ke da aikin yi tun kafin kuɗi ya zo ita ce ke iya riƙe kuɗi, wadda aka haifa ranar da aka ji ƙamshinsa kuwa tare suke ƙarewa.

Saboda haka idan baƙo ya zo da maganar tallafi, a karɓe shi da mutunci, a ba shi ruwa, amma kada a ba shi suna ko lamba a ranar. A tambaye shi wace hukuma ce, ina ofishinta, sannan ƙungiya ta cire kuɗin mota daga asusunta ta tura mutum biyu, ɗaya mai karatu ɗaya dattijo, su je babban birnin jiha da ƙafarsu. Ma'aikatar muhalli tana nan, ACReSAL yana da ofis a jihohin da yake aiki, tambaya ba a biyan ta. In aikin na gaske ne, a nemi a ga jimillar kuɗin da aka ware da abin da za a yi da shi, a fassara takardar da Hausa, a karanta ta da ƙarfi a ƙofar fada ko bayan sallar Juma'a, mata su ma a karanta musu a inda suke taruwa, tunda sunayensu aka fi nema saboda masu ba da tallafi suna son ganin mata a lissafi. Mai aikin gaskiya ba ya jin haushin wannan. Wanda ya fara cewa "sirri ne", ko "za a ba wani gari in kun tsaya bincike", ya riga ya ba ku amsa. Kada a sa hannu a farar takarda, kada a sa hannu a takardar halarta da ba a rubuta kwanan wata da sunan taron a samanta ba.

Ranku ya daɗe masu unguwanni da dagatai, gaisuwar da baƙo ya yi a zaure ba shaida ba ce, amma talakawa shaida suke ɗaukarta. Da an ce "ya je wajen mai unguwa" an gama bincike. In ba ku tabbatar ba, ku sa a yi shela cewa ba ku tabbatar ba. Allah gafarta malamai, minti biyu a ƙarshen huɗuba zai tsare dukiyar marayu da zawarawa fiye da yadda ake zato. Wanda kuma aka riga aka cuta, kunya ce jarin ɗan damfara, don ya san ba za a faɗa ba har ya gama da gari na gaba. A kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC, a kira shirin rediyo a faɗi yadda aka yi, ko ba a dawo da kuɗin ba ƙauyen da ke gaba zai ji.

Da Gwaggo ta huce ta kira ni, sai a lokacin ta faɗa mini abin da ta ɓoye. Ashe da na hana, zakaranta ta kai kasuwa ta biya kuɗin fom ɗin, ta kuma ba da lambar. Ta ce, "Ɗan nan, kada ka gaya wa babanka." Na ce ba zan faɗa ba, amma ranar Litinin da sassafe jikanta zai ɗauke ta a babur zuwa banki, a duba asusunta, a canza lambar sirrin katinta, a kuma bincika ko an buɗe wani asusu da sunanta. Na roƙe ta, ko waye ya kira ya ce ta karanto lambobin da suka shigo wayarta, ta kashe wayar. Ta ce to. Sannan ta yi shiru, ta ce, "Sauran matan fa?" Bankin yana da nisan tafiyar awa guda daga garin, su sittin ne da ɗoriya, kuma littafin har yanzu yana hannun yaron.